Baƙin takalmi da juyin bahaguwa: yadda koyon zamiyar ƙanƙara yake tafiya

Asabar, 7 ga Satumba 2024

Toh alhamdulillahi takalmi ya iso. Kwasar adashena ta wannan zagayen gaba ɗaya a kansa ta ƙare, har sai da na haɗa da kuɗin abaya biyu da na ɗinka wa wata Hajiya, kuma wallahi ko a jikina. Tun kafin babbar sallah nake shiga ƙanƙara da takalmin haya, wanda kowa ya sa ya cire, idon sawu sai lanƙwashewa yake yi ciki, ƙarfen kuma babu kaifi, kina turawa gaba yana zamewa gefe. Kaftin ɗinmu, wato mai koyar da mu, ta ce min in dai da gaske nake to in nemi nawa, don ba za ta fara koya min komai a kan ƙafa ɗaya da wancan ba.

Baƙi na saya. Mata dai fari aka saba gani a ƙafarsu tun zamanin Sonja Henie, 'yar Norwe ɗin nan da ta ci zinaren Olamfik a 1928 da 1932 da 1936, ita ta yayata shi har ya zama al'ada. Ni kuwa ƙafata faffaɗa ce, farin da na gwada matse min yatsu ya yi, baƙin na maza kuma ya zauna daram. Aka ce a yi min odar fari in jira, na ce a'a, wannan nake so.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata 32, a nan Jidda aka haife ni, iyayena daga Kano suka zo aikin hajji suka zauna, tela ce ni, ina da 'ya ɗaya tana firamare, muna zaune da Umma. Niyyata ita ce in shiga gasa, ba wai kawai in riƙa zagaye fili ba. Akwai gasar manya da hukumar wasan ta duniya, ISU, take shiryawa a garin Oberstdorf na Jamus tun 2005, sai wanda ya kai shekara 28 ne yake shiga, kuma akwai matakin masu ƙaramin ƙarfi irina. Can nake hange. Kafin nan akwai 'yar ƙaramar gasa da Kaftin take haɗa wa ɗalibanta a nan gida, ita ce a gabana. Zan riƙa rubutawa duk lokacin da wani abu ya motsa.

Asabar, 12 ga Oktoba 2024

Sabon takalmi azaba ne da farko, fata ce mai tauri, ta ci min bayan dunduniya har ina sa filasta kafin in sa safa, amma yanzu ya fara saki.

Abin da na fahimta a watan nan shi ne ƙarfen nan ba baki ɗaya gare shi irin na wuƙa ba. Kaurinsa bai wuce milimita 4 ba ko kusa da haka, amma an rarake tsakiyarsa daga gaba har baya, sai ya zama baki biyu, na ciki da na waje, kuma duk wasan a kan waɗannan bakunan yake. In kika jingina kan na waje sai ƙafar ta yanka kwana da kanta ta wancan gefen, in na ciki ne ta dawo ta nan, babu sitiyari sai nauyin jikinki da gwiwarki. Haƙoran da suke gaban ƙarfen kuwa na tsalle ne, ba na turawa ba ne, duk wadda ta tura da su za ta sha ƙasa ta fuska. Kaftin kullum maganarta ɗaya, gwiwa, gwiwa, lanƙwasa gwiwa, da larabcinta na 'yan Turai ta gabas, har na fara jin muryarta in ina tsaye a kicin.

Yau na tsaya a kan bakin waje na ƙafar dama na yi rabin da'ira ban sa ɗaya ƙafar ba, kuma na ji wani sauti ƙasa-ƙasa da ƙarfen yake yi in ya kama ƙanƙarar da kyau. Ta ce shi ne, wannan sautin nake so. Na fito ina murmushi har mota.

Akwai abin da ya ɓata min rai dai a makon jiya. Ina ɗaure igiyar takalmi a benci wata mata ta matso ta tambaye ni wanne yaron nake kula da shi a ciki, ta nuna min nata ta ce in ɗan sa masa ido. Duk Bahaushiyar da ta tashi a ƙasar nan ta san wannan kallon, da an ga baƙar mace a irin wurin nan an gama yanke cewa shagala ce ta rako 'ya'yan uwar ɗakinta. Aikin shagala ba abin kunya ba ne, Innata da shi ta riƙe 'ya'yanta, amma ni ba shi ya kawo ni ba. Na ce mata ni ce ɗalibar, na miƙe na shiga. Da can da shiru zan yi in haɗiye, in je gida in kasa barci.

Juma'a, 22 ga Nuwamba 2024

Wannan zan ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

An fara koya mana juyi a wuri ɗaya, ƙafa biyu a ƙasa, irin wasan hajijiya da muke yi muna yara a tsakar gida har mu zube, sai dai nan ana so ki tsaya a tsakiya ɗaya kar ki yi yawo. Kaftin ta nuna, kowa ya juya ta hagu, saɓanin hannun agogo, don haka akasarin masu wasan suke juyawa, su yi tsalle su sauka a ƙafar dama. Na yi ta gwadawa abin ya ƙi, kafaɗata tana ja baya, ƙuguna yana wani wurin, zagaye ɗaya ma da ƙyar. Sai ta tsayar da ni ta ce in juya mata baya in tafi, ta kira ni ba zato, na waiwayo. Ta sake, na sake waiwayowa. Duka ta dama na juyo. Ta ce in yi tsalle a tsaye in juya duk inda jikina ya so, nan ma ta dama. Sai ta tambaye ni da wane hannu nake riƙe almakashi.

Ni bahaguwa ce. Cin abinci da dama nake yi kuma da shi zan ci gaba, wannan sunna ce, ba a kanta nake magana ba. Amma rubutu, shara, miƙa abu, yanka albasa, babu wanda ban sha duka a kansa ba ina ƙarama, a gida da makarantar allo duka, har aka taɓa ɗaure min hannun da ɗankwali don in saba. Rubutuna har yau da dama nake yi kuma bai taɓa kyau ba. Almakashi kaɗai na ƙi saki, shi ma sai da na girma na fara sana'a na nemo na bahagwai da kuɗina. Na tashi da jin cewa akwai wani abu a jikina da ya zo a karkace wanda kullum sai an gyara.

Kaftin ta ce ba duk bahago ne yake juyawa haka ba, amma ni dai jikina ya riga ya zaɓa, kuma babu dokar da ta hana, alƙalai maki ɗaya suke bayarwa ko ta ina kika juya. Ta ce Carolina Kostner ta Italiya haka take juyawa, bin hannun agogo, kuma da shi ta zama zakarar duniya a 2012 ta ci tagulla a Olamfik na Sochi a 2014. Ta ce yalla, juya ta inda kike so. Na ware hannu, na murɗa, na janyo hannuwan ƙirji, wallahi tallahi sai ga ni ina tafiya, zagaye na bin zagaye, fitilun rufin suna wucewa, kuma da na ƙara matse hannu sai gudun ya ƙaru da kansa. Na tsaya jiri yana ɗibana, na riƙe bangon gefe, hawaye ya zo min kuma ban ɓoye shi ba. Ba wanda ya taɓa duba yadda aka halicce ni ya ce a bar shi haka a gina a kai, sai yau.

Ma'anarsa yanzu komai nawa a juye zai kasance, ƙafar hagu ce ta sauka, juyin ƙafa ɗaya a kan dama. Kuma tunda jama'a a fili saɓanin agogo suke zagayawa, ni in zan shiga tsalle sai na fuskanci mutane, dole in riƙa zuwa da wuri lokacin da babu cunkoso, daidai bayan motar gyaran ƙanƙara ta gama shafe wurin. Zamboni ake ce mata, sunan mutumin da ya ƙera ta ne a Kalifoniya a 1949. Ƙanƙarar da ta fito daga ƙarƙashinta babu ko zane ɗaya, nan ne nake ganin sawuna sarai in san ko da'irata ta fita.

Juma'a, 3 ga Janairu 2025

Tsallen farko. Ƙarami ne, rabin juyi kawai, ki tashi ta gaba a ƙafar dama ki sauka ta baya a hagu. Ina riƙe da bango na fara, yanzu na sake shi. Tsayinsa bai kai taƙi ba amma akwai ɗan lokacin da babu abin da yake taɓa ƙasa a jikina kuma ni na sa kaina a wurin.

Umma ta zaunar da ni bayan isha'i. Ta ce ke yanzu da girmanki, da 'yarki, ki riƙa zuwa kina tsalle-tsalle cikin yara, in kika karye wa zai riƙe keken, kuma me za a ce a Sharar Mansur in labari ya kai wa su Baffa a Makka. Na ce Umma ki gafarce ni, ban taɓa tsallake maganarki ba, aurena ma yadda kuka ce haka na yi, da ya mutu na dawo ɗakinki na zauna, wannan ɗaya dai ki bar min. Ta yi shiru ta ja carbinta, can ta ce Allah ya tsare. Ban ɗauke shi a matsayin ta yarda ba, amma ba ta hana ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu 2025

Harɗa ƙafa a kwana ta gaba ya zauna duka ɓangarorin biyu, ta baya kuma saura. Juyin uku na dama yana fita, wato ki taho ta gaba a ƙafa ɗaya ki murɗa ki koma ta baya, sawun da zai bari a ƙanƙara kamar an rubuta 3. Da can irin wannan zanen ma wani sashe ne na gasa, alƙalai har sunkuyawa suke yi su duba layin, sai a 1990 aka daina.

Maganar jiki nake so in yi. Ni ba siririya ba ce, ban taɓa zama ba, ina da ƙugu ina da cinya, bayan haihuwa kuma ciki bai koma ba. Watannin farko da doguwar riga har gwiwa nake shiga, a kan wando, a kan wani wandon, ga jaket, duk don kar a ga siffata. Kaftin ta ce ba ta ganin ƙuguna to yaya za ta gyara shi, kuma rigar tana iya kama ƙarfen in na durƙusa. Na koma gida na zauna a keke na fitar da abin da ya dace da ni, riga mai dogon hannu da ta sauka ta rufe mazaunai, mai tsaga a gefe, yadin yana miƙewa, da wando baƙi da hijabi mai shiga kai ba fil ba allura. Na rufu yadda addinina ya ce kuma ina iya motsi. Cinyar nan da na yi shekaru ina jin haushinta ita ce yanzu take riƙe ni in na sauka a ƙafa ɗaya, Kaftin har cewa ta yi 'yan matan da suka fi ni ƙuruciya ba su da ƙarfin turawata.

Kuma ba ni ce farau ba. Zahra Lari ta Imarat, nan maƙwabtanmu, ita ce mace ta farko da ta shiga gasar ƙasa da ƙasa da hijabi, a 2012 a Canazei ta Italiya alƙalai suka rage mata maki saboda shi, ba ta cire ba, ta bi maganar har jami'an hukumar suka saurare ta aka daina ragewa. Wando ma an halatta wa mata shi a gasa tun 2004. A ɓangaren baƙar fata kuma akwai Debi Thomas ta Amurka, zakarar duniya a 1986, tagulla a Calgary a 1988, daga baya ta zama likitar ƙashi. Sai Surya Bonaly ta Faransa wadda a Nagano a 1998 ta yi alkafura ta baya ta sauka a ƙafa ɗaya alhali ta san an haramta kuma za a rage mata, ta yi abinta don ta san shi ne Olamfik ɗinta na ƙarshe. A 2024 aka ɗage haramcin. Na nuna wa 'yata bidiyon, ta ce Mami wannan kalarmu ce, ta sa na maimaita mata har batirin waya ya yi ja.

Asabar, 29 ga Maris 2025, 29 ga Ramadan

Duk tela ya san goman ƙarshe, ba barci, ɗinkin sallah ya taru har kan gado. Tun shigowar azumi sai bayan tarawihi nake leƙa ƙanƙara, a goman nan kuwa ko sau ɗaya ban je ba, kuma na yarda da hakan, ibada da abincin gida su ne gaba.

Amma daren jiya ina kan keke wajen sahur na jingina waya a jikin kwalin zare ina kallon gasar duniya da ake yi a Boston, kuma Alysa Liu ta ci. Bari in gaya muku dalilin da ya sa abin ya tsaya min a rai. Yarinyar nan tana da shekara 13 ta zama zakarar Amurka a 2019, ba a taɓa samun mai ƙanƙantar shekarunta ba. Ta je Olamfik na Beijin a 2022, ta ci tagulla a gasar duniya a shekarar, sai kawai ta ce ta bari, tana da shekara 16. Tun tana 'yar mitsitsiya wasu ne suke tsara mata rana, su zaɓa mata kiɗa, su zaɓa mata kaya. Ta tafi ta yi rayuwarta, ta shiga jami'a, ta yi tafiye-tafiye da ƙawaye har gindin dutsen Everest. A 2024 ta dawo da ƙafarta, bisa sharaɗin da bakinta a kiɗanta da kayanta da yadda za a yi atisaye, kuma ga shi ta zama zakarar duniya, rabon da wata Ba'amurkiya ta ci tun 2006.

Ni ba makin ne ya kama ni ba, fuskarta ce. Na saba ganinsu suna shiga kamar za a yanke musu hukunci, ita kuwa dariya take yi tun kafin ta gama, gashinta yana yawo, kana gani ka san daɗin abin take ji. Na san bambancin da ke tsakanin a sa ki abu da ki sa kanki, a jikina na san shi. Igama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, a hannun wani, zama a hannun wani, aure a hannun wasu, ko makarantar da na yi ba ni na zaɓa ba, kuma a zamaninmu ko darasin motsa jiki babu a makarantun 'yan mata na gwamnati, sai a 2017 aka amince da shi, tuƙi kuma 2018. Yanzu ni nake tuƙa kaina in je, ni nake biya, in na ga dama in tsaya. Umma ta fito ɗora ruwan shayi ta same ni ina share ido, ta leƙa wayar ta ce ita ma wannan irin naku take yi? Na ce eh Umma. Ta tsaya ta kalla har aka kira sallah.

Asabar, 10 ga Mayu 2025

An sa ranar gasarmu, Oktoba in Allah ya kai mu. Tsarin matakin farko na manya za mu bi, minti 1 da daƙiƙa 40, tsalle bai wuce huɗu ba kuma duk masu juyi ɗaya, ban da Aksel, juyin wuri ɗaya guda biyu, sai jerin taku.

Na zauna na koyi lissafin don ba na son a ba ni takarda in kasa karantawa. Tsalle shida ne a wasan, Tolup, Salko, Lup, Filip, Luz da Aksel. Aksel ne kaɗai ake tashi ta gaba shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi, wani ɗan Norwe Axel Paulsen ya fara shi a 1882. Salko kuma na Ulrich Salchow ne ɗan Suwidin, 1909. Kowanne da farashinsa, Salko mai juyi ɗaya 0.40, Tolup 0.40, Lup 0.50, Aksel ɗaya 1.10, shi kuwa Aksel mai huɗu da Ilia Malinin ya fara sauka a 2022 maki 12.50 ne. Sannan alƙalai su ƙara ko su rage daga -5 zuwa +5 gwargwadon kyan yadda kika yi. Wannan tsarin ya zo ne bayan rigimar alƙalanci ta Olamfik na Salt Lake City a 2002, da can 6.0 ne makin ƙoli. Ɗaya rabin makin kuma na tsarin wasan ne da yadda kika gabatar da shi da iya sarrafa ƙarfen. A nan nake ganin rabona yake, don 0.40 ba za ta kai ni ko'ina ba amma bakin ƙarfena yana da zurfi kuma ina jin kiɗa.

Kiɗan ne muka ɗan ja da Kaftin. Ta kawo min wasu na fiyano masu sanyi, ta ce su suka dace da mai farawa don ba sa gaggawa. Na saurara, suna da daɗi, amma jikina bai amsa ba. Na kawo mata kukuma da kalangu, ba waƙa, kiɗa zalla, irin wanda Abba Allah ya jiƙansa yake sawa a kaset in yana kewar gida. Ta ce kalangun yana da sauri zai sa in riƙa rige-rige da shi. Na ce ta bar ni in gwada sau ɗaya ta gani. Na shiga, kukumar ta ja dogon layi na bi ta da bakin waje, da kalangu ya shigo kafaɗuna suka amsa da kansu yadda muke yi a gidan biki, na waiwayo na ga tana kaɗa kai. Ta ce halas, naki ne, amma za mu yanke shi yadda tsalle zai faɗo inda kiɗan ya numfasa. Ɗan Yayana ne ya yanka min a kwamfuta.

Asabar, 21 ga Yuni 2025

Na faɗi a kan wuyan hannun hagu ana gobe Arfa, targaɗe ne ba karaya ba, alhamdulillahi, amma hannun almakashi ne, sai ƙanwata ce ta riƙa yi min yanka ina ɗinkawa. Likita ya ce in huta wa ƙanƙara. Umma ba ta ce ai na gaya miki ba, man zafi ta ɗauko ta shafa min ta ɗaure.

Ban zauna ba dai. Bayan asuba kafin rana ta buɗe ina zuwa Kornish, bakin tekun Jidda, in yi tafiya, in tsaya a ƙafa ɗaya, in yi tsallen juyi a ƙasa da takalmin gudu. Zafin Jidda da gumin teku a watan nan sai wanda ya sani, kafin bakwai rigar ta jiƙe sharkaf. Ina kewar sanyin nan da yake dukan fuska in an buɗe ƙofar fili. Na sayi abin kare wuyan hannu, da shi zan koma.

Asabar, 27 ga Satumba 2025

Salko ya zauna! Tun Yuli nake fama da shi, juyin uku a dama, ki tsaya a bakin ciki ta baya, ki jira, ki jira, sannan ki ɗebo ƙafar hagu ki tashi. Jiran nan ne wahalar, jiki yana so ya yi sauri don tsoro. Ranar da na ƙirga shi da bugun kalangu maimakon da lamba, ranar ya fita, na sauka a hagu ƙafar dama a miƙe a baya, na tafi da gudu ban girgiza ba. Tolup yana zuwa wata rana ya ƙi wata rana. Juyin ƙafa ɗaya yana kai zagayen da ake buƙata in ban ɗaga kafaɗa ba, kuma jirin ya ragu sosai, ashe ƙwaƙwalwa sabawa take yi.

Minti 1 da daƙiƙa 40 a baki ba komai ba ne, a kan ƙanƙara kuwa kafin ki kai juyin ƙarshe ƙirji yana wuta. Kullum sai na yi shi daga farko har ƙarshe ko na faɗi a tsakiya, Kaftin ta hana tsayawa, ta ce a gasa ba mai mayar miki da kiɗa baya.

Kayan gasa sun kusa. Na shiga Balad, tsohuwar unguwar kasuwannin Jidda, na zagaya har na samu yadi mai miƙewa shuɗi mai duhu irin na rinin baba, na yi masa aikin zare a wuya da hannu irin na babbar riga, da fari. Duwatsu kaɗan na sa kuma kowanne da zare na kama shi ban yarda da gam ba, don in wani abu ya faɗo daga kayanki kan ƙanƙara ana rage maki. Hijabin a jikin rigar na haɗe shi ta ciki. Jiya na dawo na tarar Umma ta sa tabarau tana yi min kalmasar hannun rigar, ta ce ɗinkina na gaggawa ne a nan wurin zai warware.

Asabar, 18 ga Oktoba 2025

An yi, jiya Juma'a bayan la'asar.

Mu biyar ne a rukunin manya, akwai wata likitar haƙori, akwai wata 'yar Filifin da ta girme ni, duk mun san juna, muna ɗaure wa juna igiya a ɗakin canja kaya hannu yana rawa. An ba mu 'yan mintuna na ɗumama jiki, ƙafata kamar ba tawa ba. Da aka kira sunana na fita tsakiya na tsaya na ce bismillah, sai kukumar ta tashi a lasifikar filin gaba ɗaya, abin da ban taɓa ji ba don kullum a ƙaramar sifika muke yi. Kiɗan gidanmu a wurin nan, da ƙarfi, kowa yana ji. Tsoron ya sauka daga kafaɗata.

Tsallen rabin juyi lafiya. Salko ya fita fes, na ji shi tun a sama. A Tolup na sa hannu a ƙasa amma ban zauna ba, na ci gaba. Wajen jerin taku da kalangu ya shigo sai na ji ana tafi ana bin kiɗan, Larabawa da 'yan Filifin da kowa, ni kuma dariya nake yi, ban shirya ta ba ta zo. Na gama juyin ƙarshe daidai da bugun ƙarshe, na ɗaga hannu, sai na ji guɗa daga benci. Umma ce, cikin bargo da safa biyu, ta rangaɗa ta har sau biyu, 'yata tana tsalle a gefenta tana ihun Mami, Yaya da ya ce shi kawo su kawai zai yi ya koma ashe yana tsaye a baya da waya a sama.

Na zo ta uku. Na karɓi takardar makina na karanta ta da kaina layi-layi, Salko an ƙara min, Tolup an rage, juyi na biyu bai cika zagaye ba don haka bai samu abin da muka so ba, a gabatarwa kuma ni ce ta ɗaya a cikinmu. Wata yarinya 'yar Sudan da ta zo kallon ƙawarta ta biyo ni har benci tana tambaya ko ana karɓar manya, na ba ta lokutan darasi na ce ta zo ranar Talata ina nan.

Kaftin ta ba ni hutun mako ɗaya. Bayan shi za mu fara Lup, a gyara shigar Tolup, juyin zaune kuma ta ce cinyata za ta ɗauka. Ƙarfen yana buƙatar wasawa kafin nan. Fasfona zai ƙare a farkon shekara, sai na sabunta shi kafin a fara maganar bizar Jamus, kuma na shiga sabon adashe mai hannu biyu, kwasata tana faɗowa a Maris. Ɗinkin wani biki na jirana, kala goma sha biyu, gobe da sassafe zan hau keke.